Ƙaramin allon ribas na mota mai inci 4.3: ingancinsa da mayar da shi kan wutar bolt 5

A cikin kayan lantarkin mota da ake shigowa da su daga ƙasar Sin, da wuya a sami wanda ya kai ƙaramin allon nan na kallon ribas arha da yawa a kasuwa. Ana samunsa a shagunan masu sayar da rediyon mota da fitilu a Sabon Garin Kano da sauran manyan kasuwanninmu, galibi a cikin ɗan kwali wanda bai ɗauke da sunan wani kamfani da za a iya kama shi da alhaki ba. An ƙera shi ne domin a manna a kan dashbod, a haɗa shi da 'yar kyamarar da ke bayan mota, direba ya riƙa ganin abin da ke bayansa idan ya sa giyar ribas. Sai dai da yawa daga cikin masu sayensa a yau ba don mota suke saye ba. Akwai masu saka kyamarorin tsaro, akwai masu ɗaura dish, akwai ɗaliban fasaha da ke neman allo mai sauƙin kuɗi domin ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi, kuma galibinsu suna cin karo da matsala guda, wato allon yana neman wutar bolt 12, alhali abin da ke aljihun kowa fawa-banki ne mai ba da bolt 5. Na saye shi, na yi aiki da shi yadda ya zo, daga baya na sa aka juya shi zuwa bolt 5, kuma a kan waɗannan matakai biyu zan yi bayani.

Abin da ke cikin kwalin bai taka kara ya karya ba: allon da kansa, da 'yar ƙafa mai gam a ƙasanta, da gajeriyar wayar wuta mai launin ja da baƙi. Daga bayan allon kebul guda ya fito ya rabu uku. Rawayen kai shi ne hanyar hoto ta farko, farin kai hanya ta biyu ce, jan kai kuma na wuta ne. Mutane da yawa suna ɗauka cewa farin na sauti ne, domin haka aka saba gani a bayan talabijin da bidiyo, amma a nan ba haka ba ne, hasali ma allon ba shi da lasifika ko kaɗan. An tsara hanya ta biyu ta yadda da zarar hoto ya shigo ta cikinta sai allon ya bar ta farko ya koma kanta, wanda shi ne abin da direba ke buƙata lokacin da kyamarar ribas ta kama wuta. A baya akwai maɓallai uku na saita haske da launi da harshe. Robar jikinsa mara nauyi ce, kuma gam ɗin ƙafar ba ya jure zafin bazara, don haka wanda zai sa shi a mota ya shirya ɗaure shi da wani abu dabam.

Game da hoto kuwa, ya kamata mai saye ya san iyakarsa tun kafin ya biya. Allon yana da ɗigo 480 a kwance da 272 a tsaye, kuma hoton da yake karɓa irin na tsohuwar hanyar bidiyo ne mai rawayen kai, wadda yake gane tsarin PAL da na NTSC a cikinta da kansa. Hoton PAL, wanda shi ne tsarin da aka saba da shi a Nijeriya, yana da layuka 576 da ake gani, saboda haka allon yana matse su ne zuwa ƙasa da rabinsu. Idan abin da ake so a gani shi ne mutum ko mota ko ƙofar gida, wannan ya wadatar sosai, launukan ma ba laifi. Idan kuwa rubutu ne, to a nan gazawarsa take fitowa fili, domin layin rubutu mai haruffa 80 yana nufin kowane harafi ya sami ɗigo 6 kacal a faɗinsa, sai haruffan su cuɗe da juna, dole sai an ƙara girmansu kafin a iya karantawa. Haka kuma idan aka kalle shi daga ƙasa hoton yana duhu, a tsakiyar rana a waje kuwa sai mutum ya kare shi da tafin hannu. Duk da haka, idan aka auna da kuɗinsa, ban ga abin ƙorafi ba a wannan ɓangaren.

Batun wuta shi ne ya fi ɗaukar hankalina, kuma shi ne ya sa nake ganin allon ya fi abin da masu sayar da shi suka sani daraja. Batirin mota idan ya cika yana ba da wajen bolt 12.6, idan inji yana aiki kuma wutar tana hawa zuwa kusan 14, wani lokaci har ta ɗan wuce. Babu wani abu a cikin wannan allo da ke aiki kai tsaye da irin wannan wuta mai hawa da sauka. Saboda haka abu na farko da wutar ke tararwa idan ta shiga fanel, wato faifan ciki da aka like kayan lantarkin a kansa, shi ne sashen da ke rage ta. A irin fanel ɗin da na samu, wannan aiki na wani ɗan IC ne mai ƙafa takwas da aka rubuta wa XL1509-5.0, wanda ke yanka wutar yana kunnawa da kashewa sau dubu 150 a cikin daƙiƙa guda, sannan wani koyil da dayod da kafasita da ke gefensa su daidaita ta ta fito bolt 5 cif. Daga wannan layi na bolt 5 ne wani ƙaramin mai rage wuta, AMS1117-3.3, yake sauke ta zuwa 3.3 domin babban IC mai sarrafa hoto, wani sashe kuma ya ɗaga ta sama domin jerin fitilun da ke haska allon daga baya. Ma'anar wannan duka ita ce allon a cikinsa na bolt 5 ne tun asali, an dai sa masa mai gadi ne a bakin ƙofa saboda wutar mota.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa ba ya aiki idan aka ba shi bolt 5 ta jan kan nan ba tare da an taɓa komai ba. Mai rage wuta ba ya iya fitar da abin da ya kai wanda aka ba shi, sai an ba shi sarari, wato sai wutar shiga ta kai wajen bolt 7 kafin ya iya fitar da 5 mai tsayawa. Da na gwada shi da cajar waya, allon ya yi haske na ɗan lokaci, ya ɗauke, ya sake yi, hoton kuma bai taɓa zama ba. Gyaran da ake yi ke nan: a tsallake wannan sashe, a kai wutar USB kai tsaye inda fanel ɗin ke jiran bolt 5.

A nan ne tarkon yake, kuma shi ne babban aibin wannan kaya a wurina, fiye da raunin hoto ko gam. Allo biyu masu kama ɗaya a waje, a kwali iri ɗaya, a shago ɗaya, suna iya ɗauke da fanel daban-daban a ciki. Akwai wanda mai rage wutarsa ke saukewa daga 12 zuwa 3.3 kai tsaye, babu layin bolt 5 a cikinsa gaba ɗaya. Irin wannan sau da yawa yana karɓar wutar USB ta jan kai ya yi aiki ba tare da an buɗe shi ba, amma idan wani ya ga hoton gyaran wani fanel a intanet ya zo ya kwaikwaya, ya kai bolt 5 wurin da ke jiran 3.3, to ya kashe IC ɗin hoto nan take, kuma allon ya zama shara domin kuɗin canja IC ɗin da wahalarsa sun fi sayen sabo. Babu yadda za a yi mai saye ya gane wanne ne a hannunsa daga waje, mai shago ma bai sani ba. Don haka gwaji na farko kafin a kwance ko da sukuru ɗaya shi ne a ba shi bolt 5 ta hanyar da aka saba, a gani. Idan ya kama ya zauna, an huta.

Aikin nawa wani mai gyaran rediyo da talabijin ne ya yi, dattijo wanda ya daɗe a sana'ar, kuma yadda ya tunkari abin ya cancanci a bayyana domin shi ne ma'aunin da zan ba kowa shawarar ya auna mai gyara da shi. Bai ɗauki ƙarfen dalma ba sai da ya buɗe bayan allon a hankali, yana kiyaye siririn kebul mai faɗi da ya haɗa gilashin da fanel, wanda idan ya yage shi ke nan. Ya haɗa masa bolt 12 daga batirin da ke ƙarƙashin teburinsa, ya ɗora baƙin tsinken mitar auna wuta a kan ƙafafun XL1509 huɗu da ke haɗe da ƙasa, wato layin baƙar waya, sannan ya bi da jan tsinken wuri-wuri: ƙafa ta ɗaya ta nuna wutar shiga, bayan koyil a kan kafasita mita ta nuna 5, a ƙafar fitar AMS1117 ta nuna 3.3. Na ce masa, "Baba, ai an rubuta 5.0 a jikin IC ɗin." Ya ce, "Malam, rubutu na masu kamfani ne, mita ita ce tawa." Yana da gaskiya, domin akwai nau'in wannan IC da ake saita wutar fitarsa da razista, kuma rubutun da ke kan irin waɗannan ƙananan kaya yakan goge ko ya zo a dishe.

Hanyoyi biyu ne ake bi. Ta farko ita ce a bar komai a wurinsa, a like sabuwar jar waya a ƙafar kafasitan da ke bayan koyil, baƙa kuma a ƙasa, a fito da su waje zuwa kan USB. Amfanin wannan hanya shi ne ba a cire komai ba, amma tana barin ƙofofin wuta biyu a jikin allo ɗaya, kuma ranar da aka haɗa su tare fawa-banki da batiri za su yi karo. Ta biyu, wadda ya bi, ita ce a ɗaga XL1509 gaba ɗaya daga fanel, a haɗa gurbin ƙafa ta ɗaya da na ƙafa ta biyu da ɗan guntun waya. Ta haka wutar tana shigowa ta tsohon kebul, ta bi ta koyil, wanda yanzu ya zama abin tacewa mai rage hayaniyar wuta tare da kafasitan da ke bayansa. Akwai wani dayod a bakin shigar wuta da aka sa domin kare fanel idan an juya ja da baƙi, kuma shi ma yana cin nasa rabon, tsakanin bolt 0.3 da 0.7 gwargwadon nau'insa. A kan bolt 12 wannan ba komai ba ne, amma a kan 5 asara ce babba, domin AMS1117 yana buƙatar wajen bolt 1.1 a saman 3.3 kafin ya yi aikinsa daidai, wato aƙalla 4.4 zuwa 4.5 a bakinsa. Shi ya sa ya tsallake dayod ɗin shi ma, tare da yi mini gargaɗin cewa kariyar juya waya ta tafi ke nan. Tunda kan USB ba ya shiga a juye, wannan bai dame ni ba, muddin an like wayoyin daidai tun farko.

Sakamakon ya gamsar da ni. Hoton bai ragu da komai ba, hasken bai dishe ba, bayan allon ma ya rage ɗumi tunda sashen da ke zubar da wani ɓangare na wutar a matsayin zafi ya fita. Allon yana cin abin da bai wuce wat 2 ba ko kusa da haka, kuma lissafin a bayyane yake: wat 2 a kan bolt 12 kusan miliamfiya 170 ne, a kan bolt 5 kuwa 400 ne. Wannan yana ƙasa da miliamfiya 500 da ramin USB 2.0 na kwamfuta ke bayarwa, duk da cewa ya matso kusa, kowace cajar waya kuma tana ɗaukarsa ba tare da ta ji ba. Fawa-banki mai 10,000mAh na gaskiya yana ɗauke da wat 37 na awa guda, domin batirin cikinsa na bolt 3.7 ne, kuma bayan an cire asarar ɗaga wutar zuwa 5 abin da ya rage yana iya riƙe allon sama da awa goma sha biyu. Na ce na gaskiya ne saboda lambar da ake bugawa a jikin wasu fawa-bankin kasuwa ba ta da alaƙa da abin da ke ciki. Wani abin jin daɗi shi ne jan wutar ya isa ya hana fawa-banki kashe kansa, matsalar da ake samu da ƙananan na'urori masu cin wuta kaɗan.

Abubuwa biyu ne suka bayyana bayan gyaran waɗanda babu su a da. Na farko, allon ya zama mai tsirfa game da kebul. Siririyar wayar USB mai tsawo tana zubar da wuta a hanya, kuma tunda saura rabin bolt ne kawai tsakanin 5 da 4.5, sai hoton ya fara rawa ko ya ɗauke ya dawo. Gajeriyar waya mai kauri ta magance wannan. Na biyu, idan allon da na'urar da ke ba shi hoto suna shan wuta daga caja ɗaya mara inganci, wasu siraran layuka suna bayyana suna tafiya a kan hoton. Ƙara kafasita mai 470 ko 1000µF a bakin shigar wuta yana rage su ƙwarai, amma caja mai kyau ta fi komai.

Haɗarin da ya fi waɗannan shi ne mantuwa. Allon da aka juya ba shi da mai gadi kuma, idan wani ya ga jan kai ya soka masa adaftar bolt 12 ta dikoda, wutar za ta faɗa kai tsaye kan layin bolt 5, abin da zai biyo baya kuma ƙauri ne. A gidan da ke da yara da ƙanne, ko shagon da ke da yaran aiki, wannan ba zato ba ne, lokaci kawai yake jira. Maganinsa shi ne a yanke jan kan baki ɗaya a sa kan USB a madadinsa, ta yadda babu wata adafta da za ta shiga. Game da cajoji masu saurin caji da ke iya ba da bolt 9 ko 12, ba sa ɗaga wutar sai na'urar da aka haɗa ta nema, allon kuwa wayoyi biyu kawai yake amfani da su, don haka suna tsayawa a kan 5. Wanda ya so sa ramin USB-C kuma ya sani cewa caja mai C a kai biyu ba za ta saki wuta ba sai an sa razista mai 5.1k a kan kowace ƙafar ramin da ake kira CC zuwa ƙasa.

Masu tunanin su ƙara sauka ƙasa, su kunna shi da batirin 18650 guda ɗaya irin na tocila da tsohuwar kwamfutar cinya, su haƙura. Wannan batiri yana farawa daga bolt 4.2 idan ya cika ya gangara zuwa 3, wato ko a cikensa bai kai abin da AMS1117 ke nema ba. Zai iya kamawa na ɗan lokaci ya yaudari mutum, sannan ya fara ɗaukewa. Sai an sa masa mai ɗaga wuta zuwa 5, wanda shi ne dai abin da ke cikin fawa-banki.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar dalma, wato kebul ɗin nan mai ɗan kumburi a tsakiya wanda ke ɗaga wutar USB daga 5 zuwa 12, irin wanda mutane ke kunna na'urar intanet ta gida da shi idan an ɗauke wuta, ko ɗan fanel mai MT3608 da ake saita shi da sukudireba. Yana aiki, kuma yana barin allon yadda yake, ana iya mayar da shi mota kowane lokaci. Aibinsa shi ne a ɗaga wuta sannan a sake sauke ta, kowane mataki da asararsa, saboda haka fawa-banki zai ƙare da wuri, kuma ƙarin sashe mai yanka wuta ƙarin hanyar layuka ne a kan hoto. Ga wanda zai yi amfani da allon jefi-jefi, wannan kebul ya ishe shi, ban ga dalilin buɗe fanel ba.

Wanda gyaran ya fi yi wa rana shi ne mai Raspberry Pi, domin ita ma bolt 5 take ci, sai tushen wuta ɗaya ya ɗauki duka biyun. Nau'in farko da ya fito a 2012 yana da rawayen rami a jikinsa, waɗanda suka biyo baya tun daga B+ har zuwa ta 4 kuma suna fitar da hoton ta ramin 3.5mm mai zobba huɗu, inda hoto ke kan zobe na ƙarshe na gindi, ƙasa kuma a na kusa da shi. Ba kowane kebul mai kai uku ne aka jera haka ba, kuma wannan ya sa mutane da yawa suke zargin allon alhali kebul ne bai dace ba. A kan ta 4 ma sai an kunna fitar wannan hoto a cikin saiti. Mai saka kyamarorin tsaro zai amfana wajen saita fuskar kyamara yana kan tsani, da sharaɗin ya san cewa sababbin kyamarori masu tsarin AHD ko TVI ko CVI ba za su nuna a wannan allo ba sai an mayar da su tsarin CVBS, wato tsohuwar hanyar nan mai rawayen kai, idan suna da wannan zaɓi. Mai ɗaura dish kuwa, a ganina, bai da buƙatar gyaran, domin ƙaramar dikodar da yake hawa rufi da ita galibi bolt 12 take ci, batirin da ke kunna ta zai kunna allon ma.

Hukuncina a kan allon shi ne ya cancanci kuɗinsa, a matsayin abin duba hoto ba abin karatu ko kallon fim ba, kuma juya shi zuwa bolt 5 aiki ne na 'yan mintuna a hannun wanda ke aunawa kafin ya like. A wajen saye, a sa mai shago ya kunna shi da kyamara a gabanka, a duba ko akwai mataccen ɗigo ko layi a gilashin, a gwada hanyoyin hoto biyun, domin da zarar an kwance sukurun baya babu mai karɓarsa a mayar. Wanda kuma yake buƙatar fiye da ɗaya, misali malamin da zai raba wa ɗalibai, ya fara sayen guda ya buɗe ya ga fanel ɗinsa, sannan ya koma da wuri ya ɗebi sauran daga katan ɗin da aka ciro na farkon, kuma ko a hakan a auna kowanne da mita kafin a taɓa shi da dalma.